Tarin fukan da bai sa ni tari ba

Aikina gwajin jini da fitsari ne. Shekara 19 ke nan ina zaune gaban madubin likita a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibitin gwamnati a nan Arewa, kuma yau da ƙoda ɗaya nake rayuwa. Ta hagun an cire ta shekara 5 da suka wuce, bayan tarin fuka ya gama da ita. Duk tsawon jinyar ban yi tari ba, ban tofar da jini ba, ban yi irin ramar da mutane suka san masu tibi da ita ba. Alamar cutar kuwa sau bakwai tana bi ta ƙarƙashin idona, da hannuna na rubuta ta a takarda, ban gane ta ba. Abin da ya hana ni yin shiru ke nan.

Ina tsakanin shekara 8 zuwa 10, a ɗakin kakana nake kwana a ƙauye. Tsoho ne mai tarin dare, ni nake fitar masa da kaskon toka da yake tofa kaki a ciki kowace safiya. Da ya rasu aka ce tarin tsufa ne, babu wanda ya kai shi asibiti. A waɗannan shekarun ne kuma nake wanka a kududdufi da sauran yara, na kamu da tsargiya, jini yana biyo ƙarshen fitsarina, sai da na shiga sakandare aka ba ni magani ta tafi. Tsargiyar na riƙe ta a raina har na girma. Tarin kakana kuwa na manta da shi gaba ɗaya.

Ƙwayar tarin fuka ta huhu take shiga, amma ba lallai ta tsaya can ba. A makonnin farko na kamuwa, kafin garkuwar jiki ta farga, wasu ƙwayoyin kan bi jini su sauka a wuraren da jini ke kwarara da yawa, ƙoda kuwa tana kan gaba, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugawa ta cikinta yake bi. Jiki sai ya killace su cikin 'yan ƙananan ƙulli a ɓawon ƙodar, su kwanta. Suna iya kwanciya shekara 5, ko 20, ko fiye da 30. Ranar da ƙullin ya fashe, cutar takan gangara cikin ƙodar, ta cinye bakin ƙananan kofunan da ke tara fitsari, ta bi fitsarin zuwa bututun da ke saukowa mafitsara, ta shiga mafitsarar kanta, ga namiji kuma ta kan isa har maraina. Sau da yawa a lokacin huhu ya daɗe da warkewa. Tawa shekara kusan 27 ta yi a kwance.

Ina da shekara 36 abin ya fara, da tashin dare. Sau biyu, sau uku, daga baya har sau biyar kafin asuba, kuma kowane tashi fitsarin bai fi rabin kofin shayi ba. Akwai ɗan zafi a ƙarshensa, da wani nauyi a kwiɓin hagu wanda ba za ka kira shi ciwo ba. Na ɗebi fitsarina na duba. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke kira ƙwayoyin mugunya, sun kai 20 zuwa 30 a kowane fili na madubi, alhali mai lafiya bai kamata ya wuce biyar ba. Jajayen ƙwayoyin jini kaɗan. Fitsarin mai tsami, awonsa 5.5. Na shuka shi a faranti, abin da muke ce wa kalca, na sa a na'urar ɗumi. Bayan awa 48 babu abin da ya tsiro. Na rubuta haka, na ce wa kaina ƙila ruwan da na sha ne ya tsinka shi, na wuce kemis na sayi sifuro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, giram rabi safe da yamma na kwana bakwai.

Na samu sauƙi, kuma sauƙin nan shi ya fi komai cutar da ni. Sifuro da danginsa, irin su lebofulokzasin da ofulokzasin, suna taɓa ƙwayar tarin fuka. Lebofulokzasin ma yana cikin magungunan da ake ba masu tibi mai bijire wa magani. Idan mai tibin ƙoda ya sha su na mako guda, ƙwayoyin sukan lafa, zafin ya ragu, ya ɗauka an dace da magani. Bayan mako biyu ko uku komai ya dawo. Sannan idan aka zo neman ƙwayar a fitsari bayan an sha su, tana iya ƙin bayyana. Na sha wannan magani zagaye huɗu cikin wata 20, ban da wasu kala uku da allurar gentamaisin, wadda ita kanta ƙoda take wahalarwa.

A zagaye na uku wani abokin aiki ya ce mini, tunda abu yana tafiya yana dawowa, sanyi ne, kuma ba zai rabu da ni ba sai an haɗa da iyali a magani. Na kai wa matata ƙwayoyi. Ta karɓa ta sha, ba ta ce komai ba, amma na ga abin da ya sauya a fuskarta. Kalmar sanyi a gidajenmu ba ta tsaya ga cuta ba, tana jawo tambayar wa ya kawo. Ni ina kallonta da zargin da ban furta ba, ita tana kallona da nata. Wata rana da dare, na dawo daga bayi karo na huɗu, sai na ji ta ce: "Baban yara, in akwai abin da ya kamata in sani, ka gaya mini, na fi son in ji daga bakinka." Na rantse mata babu. Ta ce to. Mun yi kusan shekara muna zaune a kan wannan "to" ɗin. Cikin duk abin da cutar ta ci mini, har da ƙodar, wannan shekarar ce nake tunawa ƙirjina ya yi nauyi, domin mace ce da ba ta yi laifin komai ba, ta sha maganin cutar da ba ta da ita, ta kuma ɗauki zargi.

Da jini ya fito fili a fitsarin, har ana ganinsa da ido, hankalina ya koma kududdufin ƙauye. Na ɗebi fitsarin tsakar rana, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsargiya ya fi fita, kwana uku a jere. Ban ga ƙwai ko ɗaya ba. Duk da haka na sha firazikwantel daidai nauyina. A ƙasarmu, inda da yawa daga cikin waɗanda suka tashi a karkara sun taɓa fitsarin jini, tsargiya ce amsar da ke kusa da hannu, kuma takan rufe ƙofar sauran tambayoyi. Jinin tsargiya yawanci a ɗigon ƙarshe yake zuwa. Nawa a gauraye yake da fitsarin tun daga farko, alamar daga sama yake gangarowa. Na lura da hakan, ban bi shi ba.

Sai abin da na ɓoye wa kowa. Wani ƙulli mai tauri ya fito a bayan marainana na hagu, ba ya zafi sosai, ba ya ja da baya. Wata biyar ina taɓa shi ina yin shiru saboda kunya, ni da nake aiki a asibiti. A tsakanin nan jinina ya hau zuwa 150 bisa 100, aka ɗora ni a kan magani, aka ce gado ne. An yi mini hoton ciki, aka ga kofunan ƙodar hagu sun kumbura da wani farin tabo a ciki, aka rubuta mai yiwuwa tsakuwa ce. Gwajin aikin ƙoda, wato kiriyatinin, ya fito daidai, kowa ya kwantar da hankali. Wannan gwajin jimillar aikin ƙoda biyu yake aunawa. Muddin ɗaya tana da lafiya za ta ɗauke nauyin 'yar'uwarta, lambar ta fito tsaf ko da ɗayar ta mutu murus.

Wanda ya gano ni wani dattijon likitan tiyatar hanyoyin fitsari ne da ke zuwa asibitinmu sau ɗaya a wata. Na shiga wurinsa ne don batun tsakuwar. Bai fara da hoton ba. Ya ce in kawo duk takardun gwajin fitsarin da na taɓa yi, ya jera su a tebur bisa kwanan wata, guda bakwai. Ya bi su da yatsa: mugunya, babu tsiro, mugunya, babu tsiro. A guda ɗaya ce kawai wata ƙwayar hanji ta tsiro.

Ya ɗago ya ce: "Malam, kai da kake wannan aiki, mugunya daga ina take zuwa in babu ƙwayar cuta?"

Na ce: "Ranka ya daɗe, na ɗauka magungunan da nake sha ne suke hana ta tsirowa."

Ya ce hakan na faruwa, shi ne ma dalili mafi yawa, amma na farkon fa, wanda na yi kafin in sha komai? Sannan ya tambaye ni ko akwai wanda ya yi doguwar jinyar tari a gidan da na tashi. Na buɗe baki zan ce babu, sai kaskon tokar nan ya faɗo mini a rai. Ya sa na kwanta ya duba ni, ya taɓa ƙullin da nake ɓoyewa, ya bi jijiyar maniyyi da yatsunsa ya ce tana da gudaji-gudaji kamar carbi. Ya zauna ya rubuta takarda, ya ce tarin fuka yake nema.

Dalilin da kalcar yau da kullum ba ta kama wannan ƙwaya a fili yake, kuma na san shi tun ina makaranta. Ƙwayar hanji da ke kawo yawancin ciwon mafitsara tana rabuwa biyu duk bayan kamar minti 20, shi ya sa kwana ɗaya ya isa ta cika faranti. Ta tarin fuka sai ta yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya, ba ta kuma cin abincin da muke zubawa a farantin. Tana da nata, wanda ake haɗawa da ƙwai, kuma sai an jira mako 6 zuwa 8 kafin a ce babu. A na'urar da ke shuka ta cikin ruwa takan nuna a mako biyu zuwa uku. Jikinta kuma lulluɓe yake da wani kitse mai kama da kakin zuma, rinin da muke amfani da shi kullum ba ya kama ta. Tun da Robert Koch ya bayyana ta a Jamus ranar 24 ga Maris 1882 aka san sai da rini na musamman ake ganinta. Wanda bai nema da sunanta ba, ba zai same ta ba. Tsirowar wata ƙwayar ma, kamar yadda ta faru a takardata ɗaya, ba ta kore tibi, domin mafitsarar da tibi ta raunata sauran ƙwayoyi sukan samu wurin zama a cikinta.

Ga yadda aka ɗebi fitsarin, domin a nan ake yawan yin kuskure. Likita ya sa na dakatar da duk wani maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu tukuna. Sannan fitsarin farko na asuba, wanda ya kwana a mafitsara, kwana uku a jere, wasu likitocin har biyar suke nema. A wanke gaba da ruwa mai tsabta kafin a yi. A tara mai yawa, aƙalla mililita 40 zuwa 50, ba ɗan ɗigon da ake kawo mana a ƙaramar kwalba ba. Kowace rana da kwalbarta, a kai ɗakin gwaji cikin awa ɗaya ko biyu, in ba zai yiwu ba a sa a firiji. Ba a tara fitsarin yini guda a jarka, saboda tsamin fitsari yana kashe ƙwayar in ta daɗe a ciki, sauran ƙwayoyi kuma su yi yawa su ɓata gwajin. A ɗakin gwaji sai a juya shi a na'ura kamar minti 15, a zubar da ruwan sama, a yi aiki da abin da ya kwanta a ƙasa. Dalilin maimaitawa shi ne ƙodar ba kullum take sakin ƙwayar ba, yau ta saki, gobe ta riƙe.

Duba ta madubi da rinin tibi shi kaɗai ba abin dogaro ba ne a fitsari. Sai ƙwayoyi sun kai dubu 5 zuwa 10 a mililita ɗaya kafin ido ya gan su, fitsari kuwa da wuya ya tara haka. Akwai kuma wata 'yar'uwar ƙwayar da ke zaune a fatar al'aura ba ta cutar da kowa, tana ɗaukar rinin iri ɗaya, sai a ce wa mai lafiya yana da tibi. Shi ya sa ake haɗawa da GeneXpert, na'urar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, wadda ke neman ƙwayar halittar cutar ta ba da amsa cikin kamar awa biyu, ta kuma faɗi ko cutar tana bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi. Yawancin cibiyoyinmu da kaki suka saba, don haka sai likita ya rubuta ƙarara cewa fitsari ne kuma tibin ƙoda ake nema. Shukar tibi kuma sai manyan ɗakunan gwaji, irin na cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya.

Kwalbata ta farko ba ta nuna komai ba. Ta biyu ma haka. Na fara jin sanyi a raina, har na ce wa matata da alama dattijon ya yi kuskure. Ta uku ta nuna ƙwayar, kaɗan, kuma ba ta bijire wa rifamfisin. Da a kwalba ɗaya aka tsaya, da an sallame ni. Shukar ta tabbatar a mako na biyar. Hoton ƙirji bai nuna komai ba sai wani ɗan busasshen tabo a saman huhun dama, kakina babu ƙwaya, gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da na sukari duk lafiya. Waɗannan biyun dole ne a yi su ga duk wanda aka samu da tibi, domin suna cikin na kan gaba wajen tayar da wadda ta kwanta.

Ranar da na kai sakamakon gida na ajiye takardar a gaban matata na ce ba sanyi ba ne, bai taɓa zama sanyi ba, na nemi gafararta. Ta yi kuka mai tsawo. Ni kuma a daren ban runtsa ba, ina lissafin takardu nawa na sa wa hannu cikin shekarun aikina masu irin wannan sakamako, na miƙa wa masu su suka tafi.

Hoton CT da aka yi da allurar rini ya nuna iyakar ɓarnar. Ƙodar hagu ba ta fitar da rinin ko kaɗan, ta cika da farin abu mai tauri kamar alli, bututunta ya ƙanƙance ya toshe. Likitoci suna cewa irin wannan ƙoda ta cire kanta da kanta. Wannan ne ma ya sa a watannin ƙarshe jinin fitsarin ya ragu har na ɗauka sauƙi ne, ashe hanyar ce ta rufe. Mafitsara ta yi kauri ta tsuke. Abin da ya fi tayar wa likita hankali shi ne ƙasan bututun dama, daidai inda yake shiga mafitsara, ya fara matsewa.

Maganin kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati a Najeriya, kuma iri ɗaya ne da na huhu. Wata biyu na farko magani huɗu a haɗe cikin ƙwaya ɗaya: rifamfisin, isoniyazid, firazinamaid da etambutol. Wata huɗu na biye, biyun farko kaɗai. Nauyina kilo 58 ne, don haka ƙwaya huɗu nake sha kowace safiya kafin in ci komai, da bitamin B6 don kare jijiyoyin ƙafa daga isoniyazid. Rifamfisin yana mayar da fitsari ja kamar ruwan lemo, mai fitsarin jini sai ya tsorata in ba a gaya masa ba. Yana kuma rage ƙarfin wasu magunguna, har da na hawan jini irin su amlodifin da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Nawa jinin sai da aka sake masa lissafi. Idanu su yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, hanta ce, a koma asibiti a ranar. Gani ya dushe ko ja da kore su rikice, etambutol ne. Wanda aikin ƙodarsa ya faɗi sosai ba a ba shi etambutol da firazinamaid kullum, sau uku a mako ake mayar da su, saboda ta ƙoda suke fita. Azumin shekarar ban yi shi ba, bisa umarnin likita, na tambayi malaminmu ya ce lalura ce, na rama daga baya.

Akwai abin da ban taɓa ji ba sai a kaina, kuma shi nake so ma'aikatan cibiyoyin tibi su riƙe. A tibin ƙoda, fara magani ba ya nufin haɗari ya wuce. Gyambon da ke cikin bututu da tabo yake warkewa, tabo kuwa tsukewa yake yi. Bututun da ke ɗan wucewa kafin magani yana iya rufewa ruf a makonnin farko. Likitana ya sa ana yi mini hoton ciki da kiriyatinin duk bayan mako biyu. A mako na shida ƙodar dama ta fara kumbura, lambar ta fara hawa, ni kuwa ban ji komai a jikina ba. Cikin kwana biyu aka zura mini siririn bututun roba mai lanƙwasa a kai biyu, daga mafitsara zuwa ƙodar, ya riƙe hanyar a buɗe. Da ana ba ni ƙwayoyi ne kawai ana cewa in dawo ƙarshen wata, da na gama maganin tibi na faɗa wankin ƙoda. Robar nan ba a manta ta a ciki, ana canza ta ko a cire cikin wata 3 zuwa 6, in ta daɗe tsakuwa takan taru a jikinta. Tawa sau biyu aka canza kafin bututun ya tsaya da kansa.

Ƙodar hagu an cire ta a wata na huɗu, ina kan magani. Ba kowace matacciyar ƙoda ake cirewa ba, amma tawa tana ciwo kuma tana riƙe da hawan jinin. Ba a kuma yin irin wannan tiyata sai an sha magani aƙalla mako huɗu, don kada a watsa cutar. Na roƙa aka nuna mini ita bayan an tsaga. Cikinta fari ne mai laushi kamar dagargazajjen cuku, babu sauran naman ƙoda sai ɓawo. Bayan tiyatar jinina ya sauka har aka rage mini magani.

Mahaifiyata da ta zo jinya ta ware mini kofi da kwano. Ban yi fushi ba, abin da ta sani ke nan. Na yi mata bayani cewa tibi ta iska take yaɗuwa daga mai ita a huhu, ni kuwa huhuna ya warke, babu wanda zai ɗauka ta kofina. An dai duba matata da yaran duka, lafiyarsu ƙalau, likita kuma ya ce mu yi amfani da kororon roba a farkon magani tunda cutar ta taɓa maraina. A zaman nan ne Inna ta gaya mini cewa kakana a ƙarshen rayuwarsa har jini yake tofarwa, su suka ɓoye mana.

Tun daga lokacin na zauna da likitan nan sau da yawa, na kuma karanta, na gane tawa fuskar ɗaya ce cikin fuskokin cutar. Wani ƙulli take yi a ƙoda, hoto ya nuna kamar kansa, a cire ƙodar, sai a ɗakin duba nama a ga tibi ce. Wani ba ya jin komai a fitsari, fitsarin ma kusan tsaf, sai dai aikin ƙodojin biyu yana ta faɗuwa ba sukari ba hawan jini. Wannan sai an ɗebo ɗan naman ƙodar da allura ake ganewa, kuma in an gane da wuri ana iya tsayar da faɗuwar. Wani ƙurji ne ke fashe masa a kwiɓi ko a fatar maraina, ya yi ta zubar ruwa wata da watanni, ana wankewa ana ɗaurewa. Wani jini yake gani a maniyyi. Wani rashin haihuwa ne kawai ya kai shi asibiti, namiji hanyar maniyyi ta toshe, mace bututun mahaifa ya lalace. Wani kuma hawan jini ne a ƙuruciya, a yi hoto a tarar ƙoda ɗaya ta bushe. Mai sikila da mai sukari da wanda ya daɗe yana shan maganin ciwon jiki, su ma bakin kofunan ƙodarsu kan lalace ya yi kama da na tibi a hoto, don haka hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Gwajin fata ko na jini na tibi ma iyakarsa ya ce ka taɓa haɗuwa da ƙwayar, a ƙasar da ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu cutar kuwa, mutane da yawa za su nuna hakan suna lafiya.

Yanzu shekarata 44. Mafitsarata ba ta koma yadda take ba, tana ɗaukar kamar mililita 250, ta mai lafiya kuwa 400 zuwa 500, don haka har yau ina tashi sau biyu da dare. Na gode wa Allah ba ta kai tsukewar da sai an ƙara ta da yankin hanji ba, wanda ake yi wa waɗanda tasu ta koma ƙasa da mililita 100. Duk wata shida ina yin kiriyatinin, hoton ciki, awon jini da gwajin fitsari, saboda tabo yana iya ci gaba da tsukewa bayan shekaru, cutar ma tana iya dawowa. Na daina shan diklofenak da ibuprofen, na daina karɓar jiƙe-jiƙen da ban san abin da ke ciki ba, kuma a watannin zafi ba na rabuwa da gorar ruwa.

A wurin aiki na buɗe wani littafi daban. Duk fitsarin da na ga mugunya sama da 10 a fili kuma bai tsiro ba, ina rubuta lambar katin mai shi. In ya dawo karo na biyu da irin sakamakon, ina tambayarsa ko ya sha magani kafin ya kawo, in duba ƙwan tsargiya, sannan in rubuta wa likita da jan biro a ƙasan takardar cewa mugunya ce ba tsiro karo na biyu, a duba yiwuwar tsakuwa, ciwon sanyi da tibin hanyar fitsari. Wasu likitocin suna bi, wasu ba sa bi. A makon jiya wata baiwar Allah ta dawo karo na uku, shekara biyu tana shan maganin sanyi, likita ya amince a nema. Na ba ta manyan kwalabe uku na rubuta 1, 2, 3 a jikinsu, na ce: "Hajiya, ki ajiye duk ƙwayoyin nan tukuna har mako biyu. Daga nan fitsarin farko na asuba, ki cika kwalbar, ki kawo mini kafin ƙarfe takwas. Ko ta farko ba ta nuna komai ba, ki kawo ta biyu da ta uku."